Rasuwar Modam, Mai Wasiƙa Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haƙurin wanda ba shi da wata mafita sai haƙurin, iyalan Malam Ilu na Gumel, malamin lissafi a wata sakandare da ke Sule Tankarkar, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Modam ɗinsu. Ta cika ranar Alhamis, ɗaya ga Yuli, 1999, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburin da ta zauna tun ranar da ta shigo gidan. Watanta tara a hannunsu. Tsawa ce ta yi ajalinta, amma waɗanda suka yi jinyarta sun san ta daɗe tana fama.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, 'yar na'ura ce mai launin toka, ba ta fi littafin aji girma ba, da jajayen fitilu shida a goshinta. Aikinta ta tsaya tsakanin kwamfuta da layin tarho, ta buga lambar wani ofishi a Kano, ta nemi iso, in an yi mata sai ta miƙa wasiƙar mutum ga intanet ta karɓo masa tasa. Don wannan aka ƙera ta, kuma ba ta taɓa nuna tana son wani aikin ba.

Ta iso Gumel a watan Oktoban bara, naɗe cikin zani, a jakar wani ɗalibi da ya zo hutu daga Maleshiya. Wadda ta aiko ta ita ce ɗiyar farin Malam, da ke karatun harhaɗa magunguna a can. Ba za a ji sunanta daga bakin iyayenta ba, saboda dalilin da kowa ya sani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a bari a ga ana kewarsa, kuma Malam mutum ne mai riƙe abin da ya tarar. Ranar da aka raka ta filin jirgi a Kano, jikin mota ya tsaya yana duba taya, kuma tayar ya yi wa addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Lahadin farko ta kowane wata takan bugo tarho na minti uku. In aka miƙo masa, abin da ke fita daga bakinsa bai wuce "Lafiya? To, a yi karatu" ba. A ƙasan kwalin da marigayiya ta zo a ciki an sami 'yar takarda da rubutun yarinyar: "Baba, da wannan ba sai ka buɗe baki ba."

A makon farko Malam ya rubuta wasiƙar. Da yatsu biyu ya buga ta, a kan tsohuwar kwamfutarsa da ta shigo ta Maigatari daga wani ofishi da aka rufe a Damagaram, mai madannai a jere irin na Faransanci, kowane harafi sai an neme shi kamar ɓataccen akuya. Shafi ɗaya ce da rabi. Ba wanda ya san abin da ke ciki, sai dai an san ta fara da sunan da bakinsa bai taɓa furtawa ba. Mai tambaya zai ce me ya hana gidan waya. A gidan nan ambulan ɗaya ake yi, kowa ya sa tasa, kuma ba a liƙewa sai an karanta wa dattijon gidan, surukin Malam, duk abin da ke ciki. Wannan wasiƙa ba ta da wata hanya sai ta bakin marigayiya.

Marigayiya mai tsari ce, irin tsarin da Malam yake nema ga ɗalibi bai cika samu ba. Ba ta taɓa tsallake mataki ba. Takan fara da sauraron layi, "ɗuuu", sannan ta ƙirga lambar Kano ɗaya bayan ɗaya, "ƙyat-ƙyat-ƙyat, ƙyat-ƙyat", kamar mai tsintar wake a faranti. Sai ta dakata. In an ɗauka a can, ta saki siririyar murya, "kiiiii", ta bi ta da "ɗin-ɗon, ɗin-ɗon", kamar baƙuwa mai sallama a ƙofar da ba ta saba shiga ba. Masana sun ce bayan wannan akwai wani baiti mai kama da saukar ruwa a rufin kwano, daga shi sai shiru, kuma shirun shi ne shaidar an shiga. Mutanen gidan sun yi wata da watanni suna jin labarin baitin nan. Kullum a "ɗin-ɗon" na biyu muryarta ke sarƙewa, fitilun su mutu ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ta rubuta cewa layi ya katse. Duk da haka, in aka ce ta sake, sai ta sake daga farko, ba ƙorafi.

Malam ya buɗe mata littafi. Ya ja layuka da rula: kwanan wata, lokaci, ko akwai wuta, ko layi na da rai, sai gurbin sakamako a ƙarshe. Wutar lantarkin unguwarsu da rana kawai ake kawo ta, magariba na yi take sallama, don haka da ya sauko daga babur daga Sule Tankarkar, kafin ya cire takalmi, yakan shiga ɗakin karatunsa da ke can ƙarshen gida ya gwada sau biyu ko uku. Shafi bayan shafi, kalma ɗaya ce a gurbin sakamako.

Likitan da ya tsaya a kanta shi ne Jonah, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutumin Filato da ya shekara goma sha ɗaya a Gumel, wanda a sanin mutane shi kaɗai ya taɓa buɗe cikin kwamfuta ya mayar ba tare da ragowar noti ba. Iyalai suna yi masa godiya ta musamman. Duk Asabar yakan zo da sukurdireba a aljihun gaba, Yelwa uwargidan Malam ta aiko masa da kunun gyaɗa, ya zauna ya duƙufa. Ya canza wayar da ke tsakanin marigayiya da bango. Ya duba lambar Kano ya sake dubawa. Ya cire ta daga wannan kafa ta bayan kwamfuta ya mayar waccan. Ya goge duk abin da kwamfutar ta sani game da ita, ya sake koya mata daga faifai bakwai, na biyar yana gardama. Ya zargi sitabilaiza, aka aro wata, ba ta canza zani ba. Wata rana ya hau tsani ya bi waya har kan falwaya, ya tarar da gidan rina, ya sauko da kumburarren kunne da tabbacin an gano ciwon. Ba a gano ba. Ma'aikatan tarho ma sun zo, suka kara kunne, suka ce layi ƙalau yake, suka sha ruwa suka tafi.

Daga ƙarshe Jonah ya sa ta a jaka ya kai ta Kano, wani shago da ake aika saƙo. A can, a gaban idonsa, ta rera waƙarta har ƙarshe a bugu ɗaya. Da ya dawo ya ajiye ta a tebur ya ce, "Malam, yarinyar nan lafiyarta lau. Gidanka ne bai karɓe ta ba." Ya ce in wasiƙar ta gaggawa ce a zuba masa a faifai ya kai Kano ya aika. Malam ya tuna Jonah yana karanta Hausa fiye da wasu 'yan ajinsa, sai ya yi godiya ya ce ba gaggawa.

A nan ya zama dole a ambaci Alhaji Ɗantsoho, mahaifin Yelwa, surukin Malam. Tsohon dillalin shanu ne da ya yi zamani a kasuwar Maigatari. Bayan rasuwar matarsa ido ya fara yi masa hazo, gwiwa ta ƙi, aka shekara ana lallashi kafin ya yarda ya baro gidansa na Gagarawa, don zama a gidan suruki ba abin da namiji ke yi da son ransa ba ne. Ya yarda ne bisa sharaɗin ba zai wuce shagon da ke jikin zaure ba, kuma ba zai zauna haka kawai ba. Aikin da ya samu shi ne baƙin tarhon zaure, wanda rabin unguwa ke karɓar kira a kansa. Shi ke ɗauka, shi ke aikawa a kira mai kira, da shi yake kwana a gefen matashi. Tsakaninsa da Malam akwai kunya irin ta da. Da safe Malam ya durƙusa a bakin ƙofa, ido a ƙasa, a gaisa, shi ke nan sai gobe. Amma tsakaninsa da jikarsa ba shamaki, amaryarsa yake ce mata, ita kuma angonta. Sau da yawa in Yelwa ta kai masa tuwo yakan ce amaryarsa ta neme shi sau uku yau, layin waje ne ya hana. In ya faɗa wa yarinyar haka ranar Lahadinta, takan ɗauka wasan kaka da jika ne, ta ce ai kullum yana ranta. Malam yakan ji labarin daga Yelwa, tausayi ya kama shi, ya ce ashe ita ma tana can tana fama da layi.

An gano ciwon marigayiya wata Asabar a watan Mayu. Dabara ta ƙare wa Jonah, sai ya ce bari ya ƙure mata murya, ko a ji daidai inda numfashinta ke tsayawa. Suka kasa kunne su biyu. Ta ƙirga lamba. Ta yi "kiiiii". Ta yi "ɗin-ɗon". Sai aka ji ƙwas, kuma daga bakin marigayiya muryar dattijo ta fito, a natse, cike da murna:

"Salamu alaikum. Munira? Ina jin ki, amaryata, ɗaga murya. To, to. Kada ki damu, na san ke ce. Sake bugowa, ina nan."

Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Layi ɗaya ne mai kai biyu. Duk lokacin da marigayiya ke ƙirga lambarta a ƙarshen gida, ƙararrawar tarhon zaure takan yi 'yar ƙara, ƙil-ƙil, wadda ba mai ji sai wanda ke zaune yana jiran ta. Alhaji ya ɗauka, ya ji kuka da shewa daga nesa, kuma ya san ba abin da ke irin wannan kuka sai layin ƙasar waje. Malam ya jawo littafinsa, ya leƙa ya tambayi Yelwa sau nawa Baba ya ce an neme shi ranar Talata. Ta ce uku. Uku ne a littafi. Ranar Laraba fa? Ta ce ranar bai ce komai ba, har bai cinye tuwonsa ba. A littafi an rubuta: babu wuta.

Jonah ya yi dariya har da tafi, ya ce magani ya samu, a zare wayar zaure na minti goma kawai. An gwada sau ɗaya, Yelwa ta zare da dabara tana shara. Abin da ba a sani ba, Alhaji yakan ɗaga kan tarhon lokaci-lokaci ya saurara, yadda uwa ke duba numfashin jariri. Ya ji shiru. Sai ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar ofishin tarho cikin rana tsaka. Kafin kwamfuta ta gama farkawa labari ya iso cikin gida, Malam ya bar komai ya fita nema, wani maƙwabci ne ya dawo da dattijon a babur yana haki. Da hannunsa Malam ya mayar da wayar, bai sake taɓa ta ba.

Saura a gaya masa. Malam ba zai iya ba, don mutumin da ba ka haɗa ido da shi ba ka ce masa ya ajiye tarho. Ya nemi Yelwa ta yi. Sai ta ce, "Malam, wata bakwai yana gaya wa mutanen masallaci jikarsa na neman sa kullum. In ya ji ba ita ba ce, in ya ji kuma shi ne ya tare maka hanya a gidanka, gobe da asuba yana Gagarawa, shi kaɗai da gwiwar nan. Kai za ka faɗa, ko ni?" Ba wanda ya faɗa.

Sai Malam ya daina bugawa, don ya ga ba amfani. Kwana goma sha biyu marigayiya tana lulluɓe da ƙyalle. A rana ta goma sha uku Yelwa ta dawo da kwanon tuwo yadda ta kai shi, ta ce Baba yana tambaya ko ya yi wa yarinyar nan wani laifi ne, ta daina neman sa. Da la'asar ɗin ranar Malam ya yaye ƙyallen. Daga nan kullum yakan buga sau ɗaya, yana sane ba za a shiga ba, ya zauna ya ji surukinsa yana kiran sunan 'yarsa da bakin da ba kunya a cikinsa, har fitilu su mutu, sannan ya ɗauki biro ya cike gurbi. Iyalai suna shaida cewa marigayiya ta yi wannan aikin, wanda ba nata ba, ba ta taɓa fashi ba.

Kafa ɗaya ta rage. Alhaji ba ya fita sai masallaci, inda Malam ma yake a sahun baya, sai kuma Alhamis ɗaya-ɗaya, in ƙafa ta yarda, tsohon abokinsa Mati ya biyo da a-kori-kura su tafi Maigatari, ya shafa bayan shanu ya ji yadda kasuwa take. Ana bukatar abu huɗu su haɗu a yini ɗaya: Alhaji a Maigatari, Malam a gida, wuta a waya, rai a layi. Alhamis ta farko Malam yana tsaron jarrabawa. Ta biyu ya nemi izini ya dawo da wuri, ya tarar ba wuta. Ta uku gwiwa ta hana fita. Ta huɗu komai ya haɗu sai layi, wanda ya mutu tun safe bai farfaɗo ba sai da motar Mati ta tsaya a ƙofar gida.

Ranar ɗaya ga Yuli makaranta tana hutun rabin zango. Mati ya zo da hantsi. Wuta ta kai azahar ba ta ƙifta ba. Malam ya dawo daga masallaci, ya ɗaga ƙyalle, ya danna. Marigayiya ta ƙirga lambarta, ta yi sallamarta sau biyu, ba wanda ya katse ta, sai ga baitin nan da ake ba da labari, shaaa, kamar ruwan farko a kan kwano. Sai shiru. Fitilu shida suna kunne gaba ɗaya.

Saƙo goma sha tara ya tarar suna jiran sa, duk daga mutum ɗaya. A nan Malam ya yi abin da tarbiyyarsa ta sa shi. 'Yarsa ce ta riga yin sallama, bai ga yadda zai yi magana bai saurare ta ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana buɗewa a hankali. Gajeru ne. Baba, ka samu shiga? Baba, a nan kullum ruwa ake yi. Baba, yajin da aka ba ni ya ƙare. Na ƙarshe ya ce ba komai, za ta ci gaba da rubutowa ko ba amsa. Yana kan na goma sha biyar Yelwa ta ɗaga murya daga tsakar gida, tana kwashe shanya, ta ce gabas ta yi baƙi. A bango, daidai saitin idonsa, akwai takardar da Jonah ya manna da manyan baƙaƙe, cewa in an ga hadari a zare wayar tarho kafin komai. Malam ya karanta ta, ya karanta sauran saƙo huɗun, sannan ya buɗe wasiƙarsa ya danna a aika.

Wani shuɗin layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Ya wuce rabi. Iska ta bugo taga. Sai haske ya cika ɗakin, marigayiya ta ce "ɗas", sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ƙaurin roba ya tashi. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Kwamfutar ta farfaɗo washegari, amma ba ta iya ba da shaida ba. Wasiƙar ba ta cikin masu jiran tafiya, ba ta cikin waɗanda suka tafi. Jonah ya zo ya buɗe cikin marigayiya, ya ga inda ya ƙone, ya cire hularsa. Ya ce wasiƙar ta yiwu ta fita, ta yiwu ta ƙone a hanya, shi dai ba zai yi ƙarya ba. Baƙin tarhon zaure, ƙirar da, ko gezau bai yi ba.

Ranar Lahadi, huɗu ga wata, tarhon ya yi ƙara ta gaske. Alhaji ya ɗauka, aka yi wasan da aka saba, sai ya rufe bakin tarhon da hannu ya ce wa Yelwa, ba tare da ya dubi kowa ba, wai yau ubanta take so. Malam ya zo ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuska ga bango.

"Baba, na gani," in ji yarinyar. "Sau huɗu na karanta. Na ba da amsa, tana can."

Surukinsa yana zaune kamu ɗaya daga gare shi. Yelwa tana bakin ƙofa. Mintin yana tafiya.

"To," in ji Malam. "A yi karatu."

Ya miƙa tarhon.

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai jin Faransanci, da sitabilaiza da aka zarga ba da haƙƙi ba, da faifai bakwai, da littafi mai gwaji ɗari biyu da sittin da ɗaya, wanda a cikinsu ɗaya ne kawai aka rubuta "an shiga". Ta bar dattijo a zaure wanda tun ranar Alhamis ƙararrawarsa ba ta yi ƙil-ƙil ba, ya fara tambaya. Ta kuma bar amsa guda, wadda take can inda irin waɗannan saƙonni ke zama, ba a buɗe ba. Mafi kusan wurin da za a iya buɗe ta shi ne shagon nan na Kano, inda mai shago ke buɗe wa mutum akwatinsa ya tsaya a bayansa har ya gama.

An naɗe marigayiya a zanin da ta zo da shi, an mayar da ita kwalinta tare da 'yar takardar, an ɗora a saman kabad ɗin ɗakin karatu. Ba a yi mata salla ba, don ba ta cikin waɗanda aka wajabta wa. Ba za a yi zaman makoki a zaure ba, kuma ana roƙon masu shigowa kada su yi wa Alhaji ta'aziyya, don bai san an yi rashi ba. Wanda ke da tarho kuma yake son taya iyalai jimami, ya bugo bayan la'asar. Ba sai ya yi magana ba. Ya ɗan saurara, in ya ji an ce masa ana jin sa, ya ajiye a hankali.

Babu sadakar uku, babu ta bakwai. Arba'in ta faɗo ranar Talata, goma ga Agusta, cikin dogon hutu. Jonah ya ce zai raka Malam Kano a ranar, zai kuma ja mai shagon waje da hira har a gama karatu. Malam ya ce wataƙila. Amma ya riga ya ja layi a sabon shafi, ya rubuta kwanan watan, ya bar gurbin sakamako fari.

Sanarwa daga iyalan marigayiya, Gumel.